Duk An Haife Su Ɗaya Ga Janairu

Nzeng-Ayong, Libreville
6 ga Satumba

Salman,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka da mahaifiyarka Hajiya Uwa. Mu nan lafiya lau, sai gwiwar nan tawa da ba ta son damshi. Gaisuwa ta ƙare ke nan, don ba ita ta sa na zauna rubutu ba. Ban kira ka a waya ba saboda na san bakina, in na fara sai na faɗi abin da zai raba zumunci.

Kai Salman, me ka yi wa rajistar maƙabarta?

Jiya Liman Abdulrauf ya aiko in fitar masa da sunaye, magini zai fara zuba allunan siminti da za a kafa a kan kaburbura kafin ruwan Oktoba ya sauko. Na rufe shago na tafi siber, wato shagon intanet ɗin Hamadou, ɗan Garwan nan da ya buga mana littafin a kwamfuta tun farko. Ya buɗe, ya dube ni, ya sake buɗewa. Mutum ɗari shida da goma sha biyu ne a rajistar nan, ko daga barci aka tashe ni zan faɗa maka. Yanzu ɗari biyar da talatin muka gani. Na ce ya nemo mini Malam. Ya buga sunan, sai ga mutum ɗaya tak, wani mahauci da aka binne tun ina amarya a garin nan. Malam babu shi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un!

Wataƙila ba ka san nauyin abin da ka taɓa ba, tunda rabona da kai tun kana yawo ba wando a gidan kakanninmu a Yakasai. Bari in gaya maka. Babanka Maitama, wato Malam mijina, Allah ya jiƙansa, shekara ashirin da shida yana riƙe da littafin maƙabartar Hausawan garin nan. Duk wanda ya rasu, ɗan Kano ne, ɗan Maraɗi ne, ɗan Marwa ne, sai ya rubuta sunansa da ranar da aka binne shi da layi da lambar kabari. Ƙasar nan ba irin tamu ba ce. Ruwa wata tara, ciyawa ta kai ƙugu cikin mako uku, katakon da aka rubuta suna a kai shekara biyu ya ruɓe, ƙarfe kuwa iskar teku ta cinye shi. Ba abin da ya rage a filin nan sai turakun da ke bakin kowane layi. In ɗan mutum ya zo daga gida yana son ya tsaya a kan ubansa, littafi ake buɗewa a ƙirga masa. Shi ya sa Malam, shekara guda kafin rasuwarsa, ya nemi mahaifinka ya haɗa shi da kai, ka buɗe mana wurin ajiya a intanet. Littafin takardar kuwa ambaliyar bara ta tafi da shi tare da katifata, na gaya maka tun lokacin.

Abin da na roƙe ka ɗaya ne. Na ce Hamadou ya buga shafi guda sau biyu, sunaye tara sun maimaitu, ka cire mana su kafin a kai wa magini. Tara, Salman! Ta yaya tara ta zama tamanin da biyu? Wannan ai gyaran gangar Auzinawa ne.

Ni mace ce, ka san ba ma bin gawa. Ban taɓa ganin inda aka kwantar da mijina ba. Mazan da suka kai shi na tambaye su jiya da yau, wannan ya ce kusa da mangwaro, wancan ya ce a'a, gaba da shi kaɗan. Kaburbura sun fi talatin a gindin mangwaron nan. Shekara huɗu hankalina kwance yake saboda na san lambar tana rubuce, ban ma haddace ta ba, don ban zaci akwai ranar da za a wayi gari babu ita ba. Mutumin da ya san makwancin kowa, yau nasa ne ya ɓata, kuma a hannun ɗan dangina.

Ka ba ni amsa a rubuce, yau ɗin nan.

Gwaggonka,
Ikilima


Kano
8 ga Satumba

Gwaggo Ikilima,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Hajiya tana gaishe ki, Allah ya ƙara wa gwiwa sauƙi. Na ga wasiƙarki, kuma gaskiya ta yi mini zafi. Shekara biyar ina kula da rumbun nan naku na intanet, ban taɓa jin kin ce sannu ba sai yau da aka samu matsala.

Ga abin da ya faru, ki daure ki bi ni a hankali. Kamfanin da ke ajiye mana bayanan ya tanadi kayan aiki da mutum zai rubuta ɗan umarni, mu muna ce masa sikirif, ya aika ya yi aikin da hannu zai kwana biyu yana yi. Ba ki turo mini sunaye taran ba, cewa kawai kika yi akwai maimaici. Ni kuma ina da aikin ofis a kaina, ba zan zauna ina duba suna ɗari shida ɗaya bayan ɗaya ba. Sai na rubuta umarni cewa duk inda aka samu suna iri ɗaya da ranar haihuwa iri ɗaya, a bar na farko a goge sauran. Ko'ina a duniya haka ake yi, Gwaggo. Mutum biyu ba sa haɗa suna da sunan uba da rana da wata da shekara. Idan har tamanin da biyu suka fita, to bayananku ne tun asali ba su da tsabta, kuma ke kika ce a cire maimaici. Umarni abin da aka gaya masa yake yi.

Ban ce ba ni da nawa kason ba, amma a daina yi mini magana kamar na shiga maƙabarta da gatari.

Yanzu abu mafi muhimmanci. Abin da aka goge bai tafi ba tukuna. Kamfanin yana riƙe da hoton rumbun na kowace rana har kwana talatin, ana iya komar da shi yadda yake kafin gogewar. Ran 2 ga Satumba na yi aikin, don haka muna da har 2 ga Oktoba, bayan nan ko mai kamfanin ba zai iya ba. Ina kan hanyar Abuja wani aiki, ranar Asabar in na dawo zan zauna in dawo da komai. Kafin nan kada kowa ya taɓa komai don Allah.

Ɗanki,
Salman


Nzeng-Ayong
9 ga Satumba

Salman,

Mun tashi lafiya, ina fatan kai ma haka.

Na karanta wasiƙarka har inda ka ce bayananmu ba su da tsabta kuma ni na ce a goge. Nan na tsaya, na goge ta daga wayata, don in na ci gaba hawan jinina zai kai ni asibiti. Lallai yaro! Mamatanmu ne ba su da tsabta? Waɗanda Malam ya wanke da hannunsa?

Ko'ina a duniya haka ake yi, in ji ka. To nan ba ko'ina ba ne, kuma da ka tambaya da an gaya maka. Iyayenka da suka zo ƙasar nan a jirgin ruwa, wa ya san ranar haihuwarsa a cikinsu? Shekarar fara, shekarar da aka yi yunwa, shekarar da rijiya ta rufta, ita ce ranar haihuwarsu. Da za a yi musu takardar zama, kat da sejur, wani tsoho ne ɗaya a unguwar Derrière la Prison yake cika wa kowa fom. Duk wanda ya zo sai ya dube shi sama da ƙasa, in da furfura ya rubuta ɗaya ga Janairu 1950, in babu ya rubuta ɗaya ga Janairu 1960. Ni kaina ɗaya ga Janairu aka haife ni, ni da Malam da rabin kasuwar Nzeng-Ayong. Sunaye kuwa, Mahamadou Sani nawa kake so in kawo maka? Aïssatou Bouba nawa? Malam sunan takarda yake rubutawa, don shi hukuma ta sani. Sunansa na takarda, wanda ka san ba zan faɗa ba, su biyar ne suke da shi, duk 1960. Ka bar mahauci ka share huɗu.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kai kana Kano cikin iya kwandishan ka yanke wa mutum saba'in da uku hukuncin cewa ba su taɓa rayuwa ba, sannan kana neman sannu. Sannu, Salman. Sannu da aiki.

Na ɗauko wayar Malam daga akwati, wadda aka buɗe rumbun da lambarta, na kai wa Hamadou ya canza kalmar sirri. Ba za ka sake shiga ba, kai da sikirif ɗinka, kafin ka share mana sauran. Na kuma toshe lambarka, kuma duk wasiƙar da ta zo da sunanka ba zan buɗe ba. Abin da ya rage mu riƙe abinmu.

Ikilima


Kano
22 ga Satumba
(ta hannun Alhaji Ahmadou mai atamfa)

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, sai dai ni rabona da natsuwa kwana goma sha uku. Wannan da biro na rubuta, na bi Alhaji Ahmadou har Kantin Kwari na roƙe shi ya sa miki a hannu, tunda ya ce jibi zai taso. Wasiƙa bakwai na tura miki ta imel. Na kira da lambar matata, kina jin muryata kika kashe. Hajiya ta kira ki, kika ce mata in maganar ɗanta ce a bar ta, a yi gaisuwa kawai. Na rubuta wa kamfanin, suka ce mai rumbu kaɗai suke saurara, kuma lambar tabbatarwa wayar Baba Maitama take zuwa. Ban san lambar Hamadou ba, ban san ta Liman ba, domin shekara biyar ke kaɗai kike magana da ni.

Ki karanta layin nan ko da shi kaɗai ne: ANA IYA DAWO DA SUNAYEN DUKA, AMMA KAFIN 2 GA OKTOBA.

Na rubuta miki haka a ƙarshen wasiƙar da kika goge. Kin karanta inda zai ba ki haushi, kin bar inda zai amfane ki. Haba Gwaggo! Wane irin fushi ne wannan da mutum zai kulle ƙofa likita yana waje? Ni na yi ɓarna, na yarda, ban san zancen ɗaya ga Janairu ba sai da na karanta bayaninki. Amma ɓarnata tana da magani, aikin minti ashirin ne. Taki in kika bari kwanakin nan suka cika ba ta da shi. Ki zage ni, ki haɗa ni da dangi, ki ce kada in zo jana'izarki, duk na ɗauka. Kalmar sirrin kawai ki turo. In kuma ba ki yarda da ni ba, ki ba Hamadou lambata, ya zauna a gaban kwamfuta ni in gaya masa inda zai danna, ba sai na taɓa komai ba.

Kwana goma suka rage yau. Ki ji tsoron Allah ki kira ni.

Salman


Nzeng-Ayong
5 ga Oktoba

Salman,

Wa alaikumus salam. Lafiyar jiki akwai ta.

Jiya Juma'a bayan an sauko daga masallaci Alhaji Ahmadou ya shigo shagona yana washe baki, ya ce ga saƙo daga ɗana. Ashe ya tsaya Kwatano mako guda da rabi yana jiran kaya, takardarka tana cikin aljihun jakarsa tare da goro. Na karanta a tsaye. Na bar shago a buɗe, na tari taksi, ban ma yi ciniki ba, ruwa yana dukana har siber. Hamadou ya shiga, ya nemo wurin da ka ce. Ranar da ta fi tsufa a jerin ita ce 4 ga Satumba. Ya danna sama, ya danna ƙasa, ya kira wani abokinsa a Akanda da ya fi shi sanin abin. Kwana biyu, Salman. Da kwana biyu muka makara.

Na zauna a kan bencin siber ɗin nan na yi kukan da ban yi ba tun ranar da aka fita da Malam. 'Yan makaranta suna kallona, ban damu ba.

Kada ka zaci kuka ya wanke ka. Hamadou ya tono mini waccan wasiƙar taka da na goge, na karanta ta har ƙarshe. Wa ya koya maka rubuta wasiƙa? Gida yana cin wuta, sai ka fara da cewa ba a yi maka sannu ba, ka bi da wa'azin yadda ake yi a duniya, sannan can ƙasa kamar gaisuwar maƙwabta ka ce af, ga ruwa nan? Kuma aikin minti ashirin ne, in ji ka da bakinka. Ran 6 ga Satumba na rubuto maka, ran 8 ka amsa, mabuɗi yana hannunka duk kwanakin nan. Minti ashirin ɗin ne ba ka samu ba sai Asabar? Amsar da ka zauna ka tsara mini don ka kare kanka ta fi minti ashirin. Abuja ta fi mutum saba'in da uku, ko kuwa so ka yi in ɗan dahu tukuna don in san darajarka?

Nawa laifin na san shi, ba sai ka ƙirga mini ba. Malam ya sha gaya mini, Ikilima, zuciyarki tana gaba, kunnenki yana baya. Hajiya Uwa ta kira ni da girmanta na katse ta. Ni na kulle ƙofar da hannuna, da wayar mijina kuma. Laifi tudu ne, na hau nawa ina hango naka wata guda cur. Yanzu na sauko, kuma abin da na tarar a ƙasa ba zan iya kallonsa ba.

Liman ya ce a yi haƙuri, ƙasa duk ta Allah ce, addu'a tana isa ko daga ina. Na san haka, ba yau na shiga Islamiyya ba. Amma akwai wata Ƙulu a Tasawa da take tara kuɗin mota shekara uku don ɗanta ya zo ya ga kabarin ubansa, kuma ni na yi mata alkawari da bakina cewa lambar tana nan. Me zan ce mata?

Ga kalmar sirrin a ƙasa, Hamadou ya rubuta. Na buɗe lambarka. Ka shiga ka ga aikinmu, ni da kai.

Ikilima


Kano
7 ga Oktoba

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Allah ya ba mu haƙuri baki ɗaya. Hajiya tana gaishe ki, ta ce ba ta riƙe ki ba.

Tambayarki ba ni da amsarta sai gaskiya. Ran 8 ga Satumba kwamfuta tana kan cinyata. Zan iya dawo da komai kafin in rubuta miki kalma ɗaya. Haushin wasiƙarki ne ya sa na ce bari ta jira Asabar. Akwai kuma abin da ban gaya miki ba. A cikin kayan aikin nan akwai hanyar gwaji, umarnin zai nuna maka abin da zai goge ba tare da ya goge ba. Kalma ɗaya ake ƙarawa. Ban ƙara ba. Akwai kuma umarnin da zai sauko da kwafin rumbun gaba ɗaya a ajiye kafin a taɓa shi, layi ɗaya ne, a ofis ko sunan direba zan gyara sai na yi shi. A naku ban yi ba, saboda a raina aikin dangi ne, ƙaramin abu, in gama kafin shayi ya huce. Da ya gama ya rubuto mini cewa an goge tamanin da biyu, na gani da idona, na ce ashe maimaicin da yawa, na rufe kwamfuta. Wannan shi ne abin da na yi, ki gaya wa Liman da duk wanda ya tambaya.

Na shiga jiya na sauko da kwafi uku kafin komai. Sannan na jera abin da ya rage bisa layi da lamba, ba bisa suna ba, sai na ga wani abu da nake son ki tabbatar mini. Ranakun binnewa suna tafiya a jere da lambobin kaburbura, babu tsallake ko ɗaya. Layi na tara, kabari na huɗu watan Maris, na biyar watan Afrilu, na bakwai watan Yuni. Na shida babu, shi ne wanda na goge. Haka abin yake tun daga layin farko har na ƙarshe. Shin Baba Maitama bi da bi yake sa a haƙa, ba a zaɓar wuri?

In haka ne, wuraren ba su ɓata ba, giɓinsu yana nan, guda saba'in da uku. Na rubuta wani sikirif, wannan karantawa kawai yake yi, ba shi da ikon goge ko ɗigo, kuma na gwada shi a kan kwafi sau uku. Ya fitar da kowane giɓi da sunan wanda aka binne kafinsa da wanda aka binne bayansa da ranakunsu. Shafi shida ne, na tura miki, ki ba Hamadou ya buga. Abin da kwamfuta ba za ta iya ba shi ne ta faɗi wanda ya rasu a tsakani. Wannan sai wanda ya ga mutuwar.

Ban san ko akwai mai tunawa ba. Mazan sun kasa tuna gindin mangwaro, balle jerin shekara talatin.

Salman


Nzeng-Ayong
3 ga Nuwamba

Salman,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ruwa kullum, gwiwa tana nan tana tsiyarta. Ka gaida Hajiya, na kira ta mun yi magana.

Wasiƙarka na karanta ta har ƙarshe, sau biyu. Kafin shayi ya huce! Wallahi da kana kusa da sai na kwaɗa maka ludayi. Amma ka faɗi gaskiya, kuma na karanta wa Liman kamar yadda ka ce, ban rage maka komai ba, nawa ma na ƙara a kai.

E, bi da bi ne. Malam bai taɓa yarda a zaɓi wuri ba. Wani attajiri ya taɓa zuwa har gida yana son a ajiye masa gefen mahaifiyarsa, Malam ya ce masa Alhaji, layi ɗaya ne kamar sahun salla, inda ka tarar nan za ka tsaya. Sun yi shekara ba sa gaisawa.

Ka ce maza sun manta. To su wa ya ce ka tambaya? Namiji ya kai gawa, ya karkaɗe rigarsa, ya koma kasuwa. Mu ne muke zaman makoki, mu muke dafa abincin sadakar uku da bakwai da arba'in, mu muke ƙirga wa mace kwanakin takabarta. Ban taɓa taka maƙabartar nan ba, amma na san tukunyar da na ɗora wa kowa. Na tara matan ƙungiyarmu ranar Lahadi uku a jere a tsakar gidana, har da tsofaffin Derrière la Prison da sai da aka ɗauko su a taksi. Ina karanta giɓi, suna faɗa. Na ce tsakanin Zakiru mai agogo da Haitham ɗan Marwa. Aïssatou ta ce mijina ne, ina cikin takaba da kwana tara aka zo aron manyan tukwanena don sadakar Haitham. Na ce tsakanin wance da wane. Nazira ta ce wannan Sani dogo ne, ranar sadakar bakwai ɗinsa na haifi Bouba, ga Bouba nan da gemu. An yi musu, an yi rantsuwa, tsofaffi biyu sun kusa dambe a kan wa ya riga wa mutuwa a shekarar da kasuwa ta ƙone. Ban rubuta suna ba sai mata biyu sun haɗu a kansa. Mijin Ƙulu ta Tasawa ya fito, layi na sha ɗaya, na aika mata.

Na Malam ban tambayi kowa ba. Mutum na ƙarshe da ya rubuta da hannunsa Musbahu tela ne, ya dawo daga binne shi da zazzaɓin da bai tashi ba. Wadda ta bi shi kuma jaririyar Sajida ce, ina zaune a kan tabarmar takaba aka shigo da labarin. Na duba shafi na biyar, ga su nan, Musbahu kabari na takwas, jaririyar na goma, layi na sha huɗu. Na ɗora yatsana a tsakani na daɗe ban ɗauke ba.

Ranar Alhamis da magini ya kai layin, na bi su. Ban shiga ba, na tsaya a bakin wayar da ta kewaye maƙabartar daga waje da lemata. Liman ya ƙirga daga turke, ɗaya, biyu, har tara, ya tsaya ya ɗaga mini hannu. Ba ma a gindin mangwaron yake ba, Salman, yana can gefen da rana take faɗuwa. Duk mazan nan sun yi kuskure.

Hamsin da huɗu muka samo. Goma sha tara sun rage, yawancinsu a layukan farko, gwagware da baƙi da suka mutu ba mace a gidansu, ko waɗanda matan da suka dafa musu suka riga mu tafiya. Mun juya shafukan nan har sun yage, babu mai tunawa. Malam ya riƙe su shekara ashirin da shida, ni da kai muka zubar da su a wata ɗaya, kai da gaggawarka ni da zuciyata. Kada ka ce mini komai a kan wannan, ba lallashi nake nema ba, kuma ban huce ba. Na sa magini ya zuba musu allunansu kamar kowa, da lamba kawai.

Ga aikinka. Hamadou zai turo maka sunaye hamsin da huɗu, ka shigar da su da hannu, ɗaya bayan ɗaya, ka turo mini in duba kafin ka rufe. Duk wata kuma ka sauko da kwafi, Hamadou ya buga a takarda, ɗaya a gidan Liman, ɗaya a saman kwabata inda ruwa ba ya kaiwa. Su kuma goma sha taran kada ka bar wurinsu fayau. A kowane ɗaya ka rubuta: Bawan Allah, ba a san sunansa ba. Za ka ga abu ɗaya sau goma sha tara, ba ranar haihuwa, ba abin da ya bambanta wannan da wancan. Ka gaya wa sikirif ɗinka, kai ma ka gaya wa kanka, mutum goma sha tara ne.

Gwaggonka,
Ikilima